Tsakanin Titin Kotu da Ɗakin Haihuwa: Lauya Mace a Shekarunta Goma na Farko



Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa cikin sha'anin lauyoyi, balle kuma sha'anin haihuwa. To, hanya ce ta kai ni. Duk wanda yake fitowa daga Tarauni da safe ya bi ta Gyadi-Gyadi, ya san wurare biyu da jama'a ke yi wa sammako. Na farko Titin Kotu, inda Babbar Kotun Tarayya take, da kotunan majistare, da ofisoshin lauyoyi a saman benaye. Na biyu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan Titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda mata ke bin layin awon ciki. Tsakanin wuraren nan biyu bai wuce tafiyar 'yan mintoci a Adaidaita Sahu ba. Amma akwai wata mace da ake bukatarta a duka biyun a safiya ɗaya, watau ƙaramar lauya mai juna biyu. Kotu tana zama ƙarfe tara, awo kuwa na wanda ya riga zuwa ne. Maganar wannan baiwar Allah nake so mu yi yau.

Bari mu fara da lissafin shekaru, domin a nan matsalar take kwance. Yarinya ta gama sakandare tana da shekara 18, ta sami gurbin karatun shari'a a Jami'ar Bayero ko wata jami'a. Karatun shekara 5 ne idan komai ya tafi daidai, kuma mun san bai cika tafiya daidai ba, tun da yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da reshe a nan Bagauda, sa'an nan a rantsar da ita, sa'an nan ta yi shekara guda tana bautar ƙasa. Ke nan wadda ta yi sa'a ƙwarai za ta sa hular lauya tana da shekara 24 ko 25. Daga ranar rantsarwa kuma wani agogo yake fara bugawa. Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu sai ya shekara 10 da zama lauya, Kotun Ɗaukaka Ƙara sai shekara 12, Kotun Ƙoli sai shekara 15. Muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda ake taƙaitawa SAN, shi ma shekara 10 ne mafi ƙaranci. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, an rantsar da ita a Nijeriya a 1967, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, watau shekara 10 cif, kafin ta kai Kotun Ƙoli a 2005, ta kuma shugabance ta daga 2012 zuwa 2014.

To, ku ɗora shekara 10 a kan 24 ko 25. Za ku ga shekarun da ake so lauya ta yi ta zirga-zirga tsakanin kotuna tana koyon sana'a, su ne kuma shekarun da jikinta ya fi dacewa da ɗaukar ciki. Likitoci sun nuna cewa sauƙin samun ciki yana fara raguwa sannu a hankali daga wajen shekara 32, ya ƙara sauri bayan 37, kuma daga 35 ana ƙara sa wa mai ciki ido saboda hawan jini da ciwon sukari na masu ciki. Lauya namiji yana da agogo ɗaya. Ita tana da biyu, kuma ba wanda yake jiran ɗan'uwansa. Mutane kan ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ita an miƙa mata duka biyun an ce ta tauna.

Sai dai akwai wani abu a cikin lafazin Tsarin Mulki da ya kamata ɗalibai mata su lura da shi, kuma a nan sana'ata ta bin diddigin kalmomi take da amfani. Abin da ake ƙirgawa shi ne shekarun da mutum ya yi yana da cancantar aikin lauya, ba yawan kwanakin da ya shiga kotu ba. Saboda haka wadda ta tafi hutun haihuwa bayan an rantsar da ita, agogonta bai tsaya ba. Tana ɗaki tana jego, shekarunta suna ƙaruwa, matuƙar tana biyan kuɗin lasisi na shekara-shekara kafin 31 ga Maris. Amma wadda ciki ya sa ta ɗage shiga Bagauda da shekara guda, ko ta kasa zana jarrabawar ƙarshe, ta yi asarar da ba ta dawowa, domin girma a wurin lauyoyi da shekarar rantsarwa ake auna shi har a bar duniya. Da shi ake kiran shari'o'i a kotu, babba kafin ƙarami, da shi ake zama a kujerun gaba. Wanda ya riga ki da shekara ɗaya yayanki ne a sana'a ko da kin haife shi. A ganina wannan ita ce magana mafi amfani da zan faɗa yau: jinkirin wata shida kafin rantsarwa ya fi tsada a kan jinkirin shekara guda bayanta.

Ban ce bayan rantsarwa babu asara ba. Shekaru sharaɗi ne kawai na shiga layi. Ƙa'idojin 2018 na neman muƙamin SAN sun bukaci lauya mai zuwa kotu ya nuna hukunci 20 na Babbar Kotu, da 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara, da 4 na Kotun Ƙoli, a shari'o'in da shi ya gudanar cikin shekara 10 kafin nemansa. Mai neman alƙalanci daga ofishi mai zaman kansa ma akan nemi ya kawo hukunce-hukuncen shari'o'in da ya yi. Shari'a kuwa a ƙasar nan takan shekara uku ko biyar ba ta ƙare ba. Idan lauya ta ɗauko ta tun daga tushe, ta tafi haihuwa ana dab da sauraron shaidu, sai a miƙa fayil ga wani, sunansa ya fito a hukunci, wahalarta ta zama ladan wani. Haihuwa uku cikin shekara takwas tana iya cinye mata shari'o'i masu yawa ta wannan hanya, ba tare da kowa ya yi niyyar zaluntarta ba.

Yanzu mu duba abin da doka ta ce game da hutun kansa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya ba mace damar barin aiki idan ta kawo takardar likita cewa ana sa ran za ta haihu cikin mako 6, ya kuma hana a sa ta aiki cikin mako 6 bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 ko fiye a wurin aikin, a biya ta abin da bai gaza rabin albashi ba. Idan ta dawo tana shayarwa, a ba ta rabin sa'a sau biyu a rana. Kuma ba a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Wannan tsari ba a Legas aka ƙago shi ba. Kusan kalma da kalma an ɗauko shi ne daga yarjejeniya ta 3 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a birnin Washintan na Amurka a 1919. Ita ƙungiyar ta daɗe da wuce nan, domin yarjejeniyarta ta 183 ta shekarar 2000 ta ce mako 14 ne mafi ƙaranci, ta kuma ba da shawarar a kai 18. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar mako 14 dokarsu ta tanada, saboda haka ma'aikaciya a Maraɗi ta fi ta Kano hutu a kan takarda.

Abin takaici shi ne, ko wannan ɗan abin ba lalle ne ya kai ga lauya ba. Sashe na 91 na dokar, inda aka fassara kalmar ma'aikaci, ya fitar da masu aikin gudanarwa da masu aikin ƙwararru, lauya kuwa tana cikinsu. Shi kuma sashe na 54 yana magana ne a kan masana'antu da wuraren kasuwanci da na noma. Wasu lauyoyi suna cewa tun da sashen mace ya ambata, bai ce ma'aikaciya ba, to ya haɗa da kowace mace. Wasu suna cewa ofishin lauya ba wurin kasuwanci ba ne, kuma dokar tun asali ba don ƙwararru aka yi ta ba. Ke nan matar da take share ofishin tana iya samun kariyar da lauyar da ke zaune a cikinsa ba ta da tabbacinta. Abin da ya rage mata shi ne takardar ɗaukar aiki. Ga shi kuwa ƙananan lauyoyi da yawa ba su da ita. Mai ofishi abokin baba ne, ko malaminta ne a jami'a, aka kai ta aka ce ga 'yarka nan, ya ce ta fara zuwa ranar Litinin. Masu rubuta wa jama'a yarjejeniya su ne suke aiki da ka. Hatta dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ofisoshin lauyoyi kuwa kaɗan ne suka kai haka.

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda ta yi darasin Hausa a wurina kafin ta koma sashen shari'a, ta ba ni labarin nata. Ta gaya wa mai ofishinsu tana wata bakwai. Ya yi mata addu'a, ya ce ta je ta huta sai ta ji ƙarfi, har ya aika da rago ranar suna. Bai ce mata wata nawa ba, ita ma kunya ta hana ta tambaya. Albashi ya zo wata ɗaya, ya tsaya. Da ta koma bayan wata huɗu, ta tarar da wani saurayi a teburinta. Ba a kore ta ba, ba a kuma ba ta fayil ba, har ta gaji ta daina zuwa. Mutumin kirki ne, kuma na tabbata har yau yana ganin ya kyauta mata.

Ga ma'aikatan gwamnati lamarin ya fi sauƙi, kuma shi ya sa mata da yawa suke barin ofisoshi masu zaman kansu su nemi Ma'aikatar Shari'a, ko kujerar majistare, ko sashen shari'a na wata hukuma. Ƙa'idojin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi, da sa'a biyu kowace rana domin shayarwa har wata 6 bayan dawowa, amma hutun shekara na wannan shekarar a ciki yake. Bitar da aka yi wa ƙa'idojin a 2021 ba ta rage wannan ba, kuma a shekarar ce aka amince wa maza da kwana 14 na aiki idan matansu sun haihu. Jihar Legas ta kai hutun wata 6 a 2014 ga haihuwa biyu na farko, Jihar Kaduna ta yi wata 6 a 2019. Wata shidan nan ba da ka aka zaɓe shi ba. Shi ne tsawon lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya take so a shayar da jariri nonon uwa zalla.

Wadda aka kora saboda ciki kuma tana da ƙofar da babu ita a da. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a wurin aiki, da yin la'akari da abin da duniya ta amince da shi. A wata shari'a da aka buga a 2012, kotun ta ce sallamar wata ma'aikaciyar ƙungiya mai zaman kanta jim kaɗan bayan ta sanar da cewa tana da ciki nuna bambanci ne, ta kuma sa a biya ta diyya. A Janairun 2023, a Akure, ta rushe ƙa'idar da aka dogara da ita aka kori wata 'yar sanda da ta yi ciki ba ta da aure, bisa sashe na 42 na Tsarin Mulki da ya hana bambanci tsakanin mace da namiji. Amma mu faɗi gaskiya. Lauyoyin Kano duk sun san juna. Yarinya 'yar shekara 27 da ta kai ubangidanta ƙara, ko ta ci shari'a, wa zai ɗauke ta aiki gobe?

A nan zan ɗan ratse zuwa fagena. Bahaushe bai jira taron Washintan ba kafin ya san mai haihuwa tana bukatar hutu. Yana da kalmar jego, da mai jego, da wankan jego, da arba'in. Mako shida na doka kwana 42 ne, arba'in ɗinmu kwana 40, kun ga ashe ba su yi nisa da juna ba. Bambancin shi ne a wurin Bahaushe arba'in ƙarshen wanka ne kawai, ba ƙarshen reno ba. A haihuwar fari akan kai yarinya gidan iyayenta goyon ciki, ko ta je wankan gida, ta yi wata biyu ko uku ba ta ɗora tukunya ba. Yaye kuwa sai wajen shekara biyu, kuma wadda ta yi ciki tana goyo akan ce ta yi kwanika, har a yi mata gori. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya shawararta ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki. Watau al'adarmu ta ɗora nauyin hutun a kan dangi, uwa da kaka da goggo, doka kuma ta ɗora shi a kan mai ba da aiki. Lauyar da ke haya a Tarauni ko Unguwa Uku, iyayenta suna Azare ko Gusau, ta faɗa tsakani: dangi sun yi nisa, doka ba ta san da ita ba. Kuma kada a ɗauka arba'in na cika jiki ya koma daidai. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka rubuta a kan yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, kuma Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam ya ci gaba da bincike a kansa a nan Kano. Ciwo ne da yakan bayyana cikin watannin farko bayan haihuwa, da haki da kumburin ƙafa, daidai lokacin da ake jiran lauya ta hau bene hawa biyu da fayiloli, cikin baƙar riga da zafin watan Afrilu.

Akwai kuma kunya. Harshenmu ba ya son ambaton ciki kai tsaye. Mukan ce tana da juna biyu, ta sami ƙaruwa, ta yi nauyi, ta sauka. Mace ba ta sanar da ciki, shi yake sanar da kansa. Aikin ofis kuwa yana so a faɗa da wuri, a rubuce, da takardar likita mai ɗauke da rana. Ni ina girmama kunya, amma a wannan wuri tana cutar da mai ita. Wadda ta yi shiru har wata bakwai ta hana ofis shiri, ta kuma hana kanta ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an wuce wata uku na farko, inda haɗarin ɓari ya fi yawa, ya kamata ta rubuta takarda, ta jera shari'o'in da ke hannunta da ranakunsu, ta faɗi wanda take so ya riƙe mata kowace, ta nemi a rubuta mata tsawon hutu, da abin da za a biya ta, da cewa fayilolinta za su dawo hannunta. Idan bakinta ya yi nauyi a gaban maigida, takarda ba ta jin kunya. Mafi kyau ma a yi wannan magana ranar ɗaukar aiki, tun babu ciki, lokacin da tambayar ba ta tona asirin kowa.

Na san wasu suna lissafi da hutun kotuna. Manyan kotuna sukan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a bar alƙalin da zai saurari abin gaggawa. Wadda take so ta sauka a ƙarshen Yuli sai cikin ya shiga a wajen farkon Nuwamba. Lissafin yana da kyau a allo. Amma ko ga ma'aurata matasa masu lafiya, damar samun ciki a wata guda ba ta wuce ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, kuma jariri ɗaya ne cikin wajen ashirin yake zuwa a ranar da likita ya rubuta. Ga shi kuma kotunan majistare, inda aikin ƙaramin lauya ya fi yawa, ba sa rufewa a wannan hutu. Wasu kuma sukan zaɓi shekarar bautar ƙasa, tun da ana barin matar aure ta yi a jihar mijinta, kuma ba a tsare mai ciki ko mai goyo a sansanin horo. Wannan ya fi dabara, domin an riga an rantsar da ita, agogo yana tafiya, kuma ba ta riƙe manyan shari'o'i ba tukuna. Illarsa ita ce za ta fita neman aiki da jariri a baya. Masu cewa a bari sai an kafu, a shekara biyar ko shida, suna da hujja, don a lokacin tana da masu kawo mata aiki, ofis ma ba zai so rasa ta ba. Sai dai wannan shawara ta fi sauƙin faɗa a zauren lacca fiye da a gaban uwar miji, kuma wadda ta jira har 32 sa'an nan ta gano tana bukatar magani, ta ci lokacin da za ta nemi maganin. Idan aka matsa mini, zan ce kada ciki ya shiga tsakaninki da Bagauda in da hali. Bayan wannan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sauran magana ta manya ce. Sa'ad da nake karatu a Ingila na lura lauyoyinsu masu shiga kotu galibi ba ma'aikatan kowa ba ne, kowa cin gashin kansa yake yi, yana biyan kuɗin zama a ofishin haɗin gwiwa, saboda haka dokar hutun mako 52 ta ma'aikata ba ta shafe su ba. Sai hukumar da ke kula da sana'ar ta sa wa kowane ofishi ƙa'ida: a yafe wa mai haihuwa kuɗin zama na wata 6, a kuma ajiye mata gurbinta aƙalla shekara guda. Ba su jira majalisa ba. Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kano da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna iya rubuta irin wannan a shafi ɗaya, ofisoshi su sa hannu. Kotuna ma suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi mai yawa: a kira shari'ar mai tsohon ciki da wuri ba tare da duba shekarar rantsarwa ba, a yarda ta yi jawabi a zaune, a karɓi haihuwa a matsayin dalilin ɗage shari'a ba tare da tsangwama ba, a ware ɗaki guda mai ƙofa da tabarma inda mai reno za ta zauna da jariri. Tun 2023 mace ce, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, aka naɗa Babbar Jojin Jihar Kano, kuma umarnin gudanar da kotu daga ofishin Babban Joji yake fitowa, ba sai an je majalisa ba.

Ku kuma samari da ke zaune a baya, da yawanku za ku auri waɗannan ɗalibai, ko ku zama masu ofisoshin da za su yi aiki a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Safiya takwas ke nan da wani zai tsaya mata a Titin Kotu ya ce wa mai shari'a yana riƙe da shari'ar abokiyar aikinsa, ko wani ya je asibiti tun asuba ya kama mata layi.